Leɓen Bika

Ranar da Malama Barira ta ce a ɗauko bika
ajin ya kwashe da dariya,
Sabi'u ya leƙa ƙarƙashin tebur wai yana neman wutsiya.
Ashe kofin gilashi ne, ba mariƙi, ba murfi,
sai ɗan leɓe guda da ya turo gefe
kamar na yaron da aka hana kuɗin tara.

Ta ce, wannan leɓen shi ne ƙofa.
Ruwan da bai bi ta ƙofa ba ɓarawo ne,
ta bayan kofi zai zagayo ya sauka a yatsunku.

Muka koyi riƙo.
Takardar kwalba ta kalli tafin hannu
kada ɗigo ya lashe sunan abin da ke ciki.
A jingina sandar gilashi a leɓe,
ruwa ya bi jikinta ya gangara shiru
kamar baƙon da aka yi wa jagora.
Asid ake kai wa ruwa har gida, a hankali.
In ruwa ya je gidan asid, tofi ake yi masa,
tofin kuwa a fuskarki zai sauka.
Ba a cusa hanci.
Da hannu ake kaɗo wari, kaɗan ya isa.

Duk na haddace.
Hannuna ne dai bai ji karatun ba.

Ran wata Laraba aka ɗauke wuta,
fanka ta yi juyi uku ta haƙura,
ƙarar adaidaita na shigowa daga Kabuga,
gumi na bin goshina har cikin tabarau.
Na kai hannu.
Ba wanda ya gaya mini
gilashi mai zafi da mai sanyi fuskarsu ɗaya.
Tas!

Baba Tasi'u ya zo da tsintsiya da bokitin yashi,
bai ɗaga murya ba.
Ya buɗe littafinsa mai baƙin bango ya rubuta:
bika ɗaya, mil ɗari biyu da hamsin, Hansatu Inuwa.
Da zai wuce sai ya naɗe hannun riga
ya nuna mini wani farin tabo a wuyan hannunsa.
Ya ce, wannan ya girme ki.

Da la'asar na biya Kasuwar Rimi wajen Inna.
Tana cikin ciniki, bakinta na cewa albarka,
hannunta na tsiyaya man gyaɗa daga jarka zuwa kwalba,
ba mazurari,
zare guda siriri, bai tsinke ba, bai karkace ba.
Da ya kusa wuya ta rusuna
ta daidaita idonta da bakin man, sannan ta ɗaga.
Ko ɗigo.

Na ce, Inna, abin da ake koya mana ke nan.
Ta ce, au, kuɗin makarantar da nake biya
na koyon zuba ne?
Har mai barkonon kusa da ita sai da ta dara.
Sannan ta miƙo mini jarkar.
Manne gwiwar hannunki da haƙarƙari.
Daina kallon inda yake fitowa,
kalli inda zai sauka.
Na ɓarar da na naira ɗari biyu kafin magariba,
ta ce za ta rubuta a nata littafin.

Larabar da ta zagayo
na durƙusa har idona ya yi daidai da layi,
na ga yadda ruwa ke lotsawa a tsakiya kamar tsohuwar katifa.
Na zuba. Ya bi sanda. Ya sauka.
Ɗigo, ɗigo, ɗigo,
abin da ke fari tas ya koma ruwan hoda,
na girgiza, bai gudu ba.

Malama Barira ta duba, ta wuce teburin gaba.
Baba Tasi'u na bakin famfo yana ɗauraya,
ya kife su layi a kan tawul,
kowanne da leɓensa.
Gurbin nawa har yanzu ba a cike shi ba.