Taku Sittin da Huɗu

Ranar da na kawo takardar gida
yayana Sallau ya juya ta gaba da baya.
"Fam ɗari huɗu a kan wannan?
Ni da na yi kiwo a dutsen Zaranda,
ba takalmi, ba malami,
yau sai an buga mini hatimi kafin in hau tudu?"
Muka yi dariya.
Na cusa ta cikin littafin girki, na manta.

Kwana shida na yi a Aviemore
a hannun wata dattijuwa, Morag,
wadda yabo ke mata wuyar fita kamar bashi.
Ta tsayar da ni cikin ruwan sama, ta ce in ƙirga:
sau nawa ƙafar dama ke taɓa ƙasa a mita ɗari?
Sittin da huɗu.
Ta ce, "Riƙe shi kamar lambar gidanku."
Ta sa na ƙulla igiya da safar hannu,
na kwance, na ƙulla, har yatsuna suka yi yaji.
Na ɗaure ƙafar mutum-mutumin roba sau tara,
shi ko uffan, ita ce mai ƙorafi.

Fabrairu muka hau Cairngorm, ni da Sallau.
Da hantsi sama fes, kamar an wanke faranti.
Kafin la'asar duniya ta zama nono,
sama fari, ƙasa fari,
ba ka sanin inda ƙafarka ta ƙare, rami ya fara.
Ya ce hanya na hagu, jikinsa ya ba shi.
Ni ma jikina hagun ya ce.
Allurar kamfas ta ce a'a.
Na bi allura, ina ƙirga a baki,
sittin da biyu, da uku, da huɗu,
in tura tsakuwa ɗaya daga wannan aljihu zuwa wancan.

A tsakuwa ta bakwai na ji ƙas,
sannan salati.

Ban ji jarunta ba, kada in yi ƙarya.
Gwiwata rawa take.
Hannuwana ne suka tuna abin da kaina ya zubar:
ɗora shi kan jaka, kada ƙanƙara ta sha ɗuminsa,
sandar tafiya ta zama karan ɗori,
shayi mai sukari, dabino uku,
mu shige buhun lemu-lemun nan da ya ce nauyin banza ne.
Wayarsa sanyi ya kashe ta tun azahar.
Tawa na cikin riga, jikin fata, da ranta.
Murya ta ce, kuna ina?
Na dubi taswira, na dubi tsakuwoyina,
na karanta lamba shida.

Usur shida, a saurara minti ɗaya.
Usur shida.
Tsakani ina tambayarsa sunayen awakinsa na da
don kada barci ya sace shi.
Ya kai ta goma sha ɗaya, wata mai kunne guda,
sai ga fitilu suna hawowa a jere:
mai gyaran famfo, malamar firamare, ɗan kai wasiƙa,
sun bar abincin darensu a kan tebur.

Takardar ba ta hau dutse ba.
Tana nan inda take, tsakanin miyar taushe da alkaki,
har mai ya ɗiga a kan sunana.
Ba a fafe gora ranar tafiya,
ita shaida ce kawai cewa an fafe.

Jiya a asibitin Inverness
na tarar da shi a baranda da sandunan guragu,
leɓensa na motsi.
Na ɗauka tasbihi yake.
Ya ce, "Tamanin da ɗaya, amma ƙafar aro ce.
Tasallah, tsohuwar nan taki,
tana karɓar biya kashi-kashi?"