Ɗigo Ruwan Ɗorawa

Ran Talata ta kama, a gangaren Ceja,
ina ɗauke da fasinja sha huɗu da buhun dankali uku:
ɗan ɗigo ruwan ɗorawa a bayan sitiyari,
mai siffar injin, bai fi ƙwayar masara ba.
Ba ƙara, ba ƙauri.
Fitilar dai ta zuba mini ido.

Kwana tara ina yi mata kunnen uwar shegu.
Na liƙa hoton jikata a kanta,
da dare hasken ya riƙa ɓullowa ta kumatun yarinya.
In na tsaya a danja, motar na makyarkyata kamar mai masassara,
tanki na zuƙar fetur, jakar kuɗina na ramewa.

Mijin ƙanwata ya ce filogi ne.
Kwandasta ya rantse man Senkata ne, an yi masa gauraye.
Wata dattijuwa mai 'yar hula a tsakar ka
ta ce in yayyafa wa tayoyi barasa,
wai ƙasa ce ke jin ƙishi.
Na yayyafa. Ƙasa ta sha. Fitila na nan.

Sai garejin Nemesio Tarqui, can Río Seco,
inda kare ke kwana cikin tsohuwar taya
kuma sanyi ke cizon yatsa har da azahar.
'Yarsa Nayra ta durƙusa ƙarƙashin sitiyari,
ta soka wayar na'ura, ta jira.
Harafi ɗaya, lamba huɗu.
Ta ce, "Doña Casilda, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan."

Na yi dariya har da riƙe ƙofa.
A El Alto? Garin da baƙo ke haki kafin ya ɗaure takalmi,
garin da muke rabon numfashi kamar gishirin aro,
a nan motata ta samu rarar iska?

Nayra ta ce watakila ma'aunin hayaƙi ne ya tsufa,
sabo ɗari shida.
Na lissafa: kwana biyar ke nan na kai da kawo.
Uban bai ɗago daga sufanar da yake gogewa ba.
Ya ce, "Na'ura ta nuna inda ke ciwo,
ba ta faɗi wanda ya yi dukan ba."

Ya buɗe bonet, ya kara kunne,
ya hana kare haushi da ɗan yatsa.
Can ƙasa wani abu na tsaki siriri,
irin na mutumin da aka ɓata wa rai a coci.
Ya kashe injin, ya toshe bututu da safar hannu,
ya kunna taba, shi da ya daina sha shekara bakwai,
ya cika baki, ya hura cikin tiyo.

Muka yi tsit, mu uku.
Ya sake hurawa, ya yi tari, ya zagi tabar.
Sai ga zaren hayaƙi, fari, a hankali,
yana tasowa daga bayan injin
inda hannu ba ya kai wa sai da rarrashi.

Tiyo ne, bai kai kaurin ƙaramin yatsana ba.
Ya miƙo mini shi a tafin hannu:
huda biyu, da sawun haƙora jere.
Ɓera. Ya biyo dankali, ya tarar da ɗumi,
ya kwana, ya yi kalaci da roba.

Sha biyar na biya, har da kuɗin taba.
Nayra ta danna, ɗigon ya mutu.
Nemesio ya ce, "Kada ki yi guɗa tukuna.
Ki hau, ki sauka kwana uku. In ba ta dawo ba, shi ke nan."

Yau kwana na huɗu.
Illimani ya yi fari fes a madubi,
injin na numfashi daidai da rabonsa.
Na mayar da hoton jikata sama, kusa da rediyo,
amma a kowace danja idona na komawa wajen,
kuma jiya na ari kyanwar maƙwabta.