Kafin a Haƙa Harsashi

Shekara guda cur Yangdol ba ta taɓa diga ba.
A gangaren nan na Ladakh, inda iska ke yanka kamar aska,
kullum da hantsi sai ta hau
ta aje farin dutse inda inuwar tsauni ta tsaya.

Ƙaninta Skarma ya ce, "Motar haƙa tana jira,
ke kuma kina kiwon rana!"
Ta ce, "Rana ce murhun da ba a yi wa itace.
Bari in san ƙofar da take shigowa."

Ranar da yini ya fi gajarta,
dusar ƙanƙara ta binne duwatsunta
sai bakwai, kusa da tsohuwar bishiyar tuffa.
Su rana ta lasa har suka yi gumi.
Nan ta kafa turke.

Tagogi su dubi kudu, manya, gilashi ruɓi biyu.
Arewa bango zalla, kauri kamu biyu,
tubalin ƙasar da aka haƙo a wurin,
a cusa gashin tumaki a tsakani.
Hanyar ruwa kuwa ba ta taɓa ba,
gidan ne ya matsa taku goma,
don tun kafin kakanta ruwan ke bi ta nan zuwa gonar sha'ir.

Skarma ya zo da igiya yana gunaguni,
ya tsuguna zai ɗaure turke na biyu,
ɗumi ya sauka a ƙeyarsa.
Ya yi shiru. Ya tuɓe hular ulu.
"Ɗakina," ya ce, "a wannan kusurwa."