Ranar da Kuɗin Suka Shigo

Kwana goma sha ɗaya Zukiswa na duba waya
a ɗakin kwanan ɗalibai na Mthatha,
kamar mai buɗe tukunyar da ta san ba a ɗora ba.

Fom ya tambayi albashin uba.
Ta rubuta: ramin zinariya ya cinye masa huhu.
Ya tambayi na uwa.
Ta kai takardar rantsuwa daga ofishin 'yan sanda,
don talauci ma sai da hatimi
ake yarda da shi.

Shayi ba madara. Burodi rabi,
ita da Lindelwa suna yanka shi da rula
kada a cuci kowa.
Littafin jinya ɗaya ne ga mutum shida,
nata layin ƙarfe biyun dare.

Sai ran Laraba, tana shanya riga,
waya ta yi tsuwa.

Ba ta yi ihu ba.
Ta zauna bakin matakala tana lanƙwasa yatsu:
haya, kuɗin mota, sabulu,
takalmin makarantar Avuyile,
kuɗin kai kaka asibiti daga Qumbu.
Gwamnati suna ɗaya ta rubuta,
baki biyar ke ci.

Abin da ya saura, ƙwai shida ya saya.
Ta soya biyu, ta ƙwanƙwasa wa Lindelwa bango.

Gobe jarrabawa.
Ta goge mai daga yatsunta,
ta buɗe shafin ƙasusuwan ƙirji,
ta tsaya kan huhu, ta daɗe.