Rasit Mai Bismillah

Na ajiye shi a gwangwanin madara,
inda nake zuba ƙananan kusoshin agogo.
Bismillah a samansa, hatimi a ƙasansa,
tsakiyarsa dubu ɗari huɗu da tamanin
da na tara da ido ɗaya a rufe,
shekara shida, a rumfata ta Ƙofar Guga.

Sun ce fili ne, can bayan Ƙofar Sauri,
unguwar 'yan'uwa, masallaci a tsakiya,
kowa ya ji kiran asuba daga shimfiɗarsa.
Ranar da muka je da igiyar awo
gonar gero muka tarar, mai ita a tsaye,
fartanya a kafaɗa, yana tambaya:
wa ya rasu, kuka taho da yawa haka?

Maƙwabta suka ce, Iro, rufa asiri.
Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.
Kada ka ba masu dariya abin dariya,
bar su da Allah.
Na ce ai na bar su da Shi tun daren farko.
Amma malamin da ya koya mini alwala
shi ya koya mini tauye mudu zunubi ne,
bai ce ban da mudun mai rawani ba.

A kotu lauyansu ya gyara baƙar riga.
Ya ce, ranka ya daɗe, ƙungiya ba ta da hannu,
da me za ta ɗauka?
Sakatare ya bar gari. Ma'aji ƙasa ta rufe shi.
Shugaba kuwa wa'azi ne aikinsa, ba lissafi ba.
Abin da aka ba Allah, wa ke bin bashinsa?

Tasallah mai ƙosai ta miƙe ba a kira ta ba,
ƙunar mai tana nan a bayan hannunta.
Ta ce, ɗan nan, ranar karɓa tana da hannu,
har da aljihu, har da lambar banki.
Yaushe aka guntule ta ban ji ba?
Sadakata na san inda nake kai ta,
ba na neman rasit.
Wannan ciniki ne.
Masinja ya ce ta zauna. Ta zauna, ba ta yi shiru ba.

Alƙali ya daɗe yana juya takardar rajista.
Sunaye bakwai, amintattu,
uku daga ciki na taɓa bin su salla.
Ya cire tabarau, ya ce da lauya:
sunan da ya iya mallakar fili da mota
yaya zai kasa amsa sammaci?
Ba addini na kira gabana ba,
shi ba ya cikin waɗanda ake ƙara.
Ku zo mini da littafin kuɗi ran sha tara ga wata.

Ban sani ba ko za su zo da shi.
An ce gara ta shiga ofishinsu,
gara mai ilmi, da ta san shafin da za ta ci.
An ce shugaba ya yi kuka a mumbari,
wasu sun yi kuka tare da shi,
wani ya daina amsa sallamata.

Jiya ladanin unguwarmu ya zo rumfa,
agogon masallaci a hammata, ya tsaya tun Talata.
Yana kallon ƙasa, kamar shi ya ci kuɗin.
Na buɗe bayansa, na hure ƙura,
haƙori ɗaya ne ya karye a ciki,
ɗaya tak, ya tsayar da sauran.
Na cire shi, na sa wani.
Ya ce nawa? Na ce tafi,
kada azahar ta wuce mu.