Minti Goma Sha Ɗaya

Tun hantsi na iso Venlo da kankana tan ashirin.
Takarda ta ce ƙofa ta tara, ƙarfe goma.
Ƙofa ta tara da wata mota a bakinta,
direban na minshari, ƙafa kan sitiyari.

Na ci burodin shekaranjiya.
Yarinyar taga ta ce, "Zdravko, za a kira ka,"
ko ɗago kai ba ta yi ba.

Na'urar nan da ke saman gilashi
ba ta san uzuri ba.
Ƙirga take, kamar mai bin bashi
da ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida.

Sai da fitilu suka kama aka sauke kaya.
Minti goma sha ɗaya doka ta bar mini,
makwancin motoci kuwa rabin awa ne,
in ma da gurbi.

Mai gadi ya zo da tocila, ruwa na ɗiga daga hularsa:
"Ba a kwana a nan."
Na nuna masa na'ura, ya nuna mini allo.
Muka yi cirko-cirko,
kowa da ubangidan da ba ya nan.

Matata ta kira daga Plovdiv: "Ka gama?"
Na ce na gama, ban tashi ba.

Mai gadi ya kashe tocilar.
"Bayan kwandunan shara. Biyar na asuba kar in gan ka."

Na ja mota a hankali, mita tamanin.
Su ma na'ura ta rubuta.