Layi na Huɗu

Shekara goma sha tara ina Aliero
ba wanda ya kira ni baƙo,
sai ranar da Mainasara mai kafe
ya juyo mini da fuskar kwamfuta:
"Baba Jibo, dubi layi na huɗu.
Ƙasar da kake zaune
ba ita ta ba ka fasfo ba."

Gaskiyarsa. A Gaya aka binne cibiyata.

Ni ba aiki nake nema ba, ba asibiti ba.
Wani gari ne a kalandar shagon taki,
fararen gidaje sun gangaro har bakin teku
kamar tumaki za su sha ruwa.
Shekarar kalandar ta ƙare tuni,
na roƙi mai shago kada ya cire.
Kwana goma nake so, in gani da idona.

Suka ce fasfo mai sauran rai wata shida.
Hoto biyu, farin bango, ba murmushi, ba hula.
Na tuɓe hular, mai hoto ya kau da kai,
sanƙon da Ige kaɗai ta sani
yau zai riga ni shiga jirgi.

Suka ce katin zama.
Sau uku ina hawa motar Birnin Kebbi,
ran farko mai sa hannu ya tafi ta'aziyya,
ran na biyu ba wuta.

Suka ce bayanin banki, wata shida, da hatimi.
To, kuɗina ba sa kwana a banki.
Suna rudu, ƙarƙashin ciyawa,
buhu ɗari da arba'in suna jiran kasuwa ta tashi.
A ina ake buga wa albasa hatimi?
Na sayar da sittin tun farashi na ƙasa
don takarda ta yi ƙiba.

Wasiƙar maigida, wai ya ba ni hutu.
Ni ne maigidan, ni ne yaron.
Sakataren 'yan albasa ya rubuta
cewa ya san ni, ba na cin bashi,
ya ƙara da cewa ina da faɗa. Muka sake wata.

A fasfo Djibo, a banki Jibo.
Harafi ɗaya da Bafaranshe ya liƙa wa kakana
ya ci mini mako uku da rantsuwa a kotu
cewa ni ne ni.

Inshora na biya, don ciwon da bai zo ba.
Ɗaki na kama a otal ɗin da bai san da ni ba.
Tikitin zuwa da dawowa,
tun ba a ce mini zo ba.

Daga Jega muka kwana a hanya.
A Abuja, bayan gilashi, wata mata
mai magana ta 'yan ramuka
ta juya takarduna kamar mai zaɓen iri:
"Wace shaida gare ka za ka dawo?
Kuma ina za ka dawo, nan ko can?"

Na so in ce mata:
irin da na yafa zai isa dashe kafin wata,
Barira tana da ciki na fari,
ina bin Ɗan'ige kuɗin buhu tara,
uwata da ɗana na fari
suna kwance gabas da gari, kusa da juna.
Ba ɗaya mai hatimi.
Sai na miƙa mata rasit ɗin haya.

Ta ce kwana goma sha biyar na aiki.
Ta riƙe fasfon.

Yau na sha ɗaya.
Ina fadama, ruwa na bin fangali,
waya a aljihun gaba, cikin leda.
Ige ta ce in sun hana
ta kai ni Yauri in kalli kogi,
ita za ta biya kuɗin mota.